Kalo Ta Ce wa Gwaggonta Ta Biya

Asabar, 12 ga Oktoba, da yamma

Ba zan rubuta abin da ya faru yau a filin makaranta ba. Na dawo gida, na kwance tabarmar da muke ɗaurawa a ƙugu in za mu taro, na sake wanke kwanukan da na wanke da safe. 'Yata Kalolaine tana ɗaki tun ɗazu. Ban kira ta ba, ita ma ba ta fito ba.

Shekara goma sha bakwai ina tanƙwara yarinyar nan. Ban taɓa barin ta ci abinci a tsaye ba, ban taɓa barin ta gifta gaban babba ba ta rusuna ba. Mutanen banki sun same ta 'yan watanni, ran Laraba kaɗai, ga abin da suka maido mini.

Lisiate bai kira ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan an taso daga coci

A bakin coci maƙwabciyata Meleane ta riƙo hannuna, ta ce, "Uinise, gaisuwa har yanzu kyauta ce a gidanku, ko in koma in ɗauko jaka?" Matan da ke bayanta suka rufe baki da mafici. Tunda duk garinmu Neiafu ya sani, bari takarda ma ta sani.

Tun tsakiyar shekara wasu ma'aikatan banki da masu kamfanoni suke zuwa makarantar su Kalo suna koya wa 'yan ajin ƙarshe ajiyar kuɗi da neman aiki. Wai don Allah suke yi, ba a biyan su. Suka raba yaran ƙungiya-ƙungiya, kowace ta kafa abin da suke kira kamfani. Su Kalo man kwakwa suke dafawa da furanni, su ɗura a kwalba. Jiya ce ranar kasuwarsu, aka gayyaci iyaye.

Losaline, yayar mijina Lisiate, ta zo. Ta tsaya gaban teburin, ta shinshina man, ta fara zuba kwalabe a jakarta, kamar yadda kowace gwaggo take yi da kayan 'ya'yan ɗan'uwanta tun da aka halicci tsibiran nan. Sai Kalo ta faɗa mata kuɗinsu. Losaline ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Kalo ta maimaita, ga shugaban makaranta a tsaye, ga matar fasto: "Gwaggo, ba nawa ba ne ni kaɗai, na kamfani ne."

Losaline ta fito da kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ta jera su yadda ta same su, ta goge hannunta a gefen riga ta tafi. Ko kallona ba ta yi ba.

Yau na aika mata da kwanon Lahadi kamar kullum, gwaza da doya da ƙunshin nama a ganye. Ya dawo da ɗaurinsa yadda na ɗaure shi.

Gidan nan a kan filin dangin Lisiate yake, kuma a dangin Lisiate bakin Losaline ne baki. Ni daga tsibiran Ha'apai aka auro ni, gidan ubana guguwa ta cinye shi tuntuni, yayyena maza kowa da iyalinsa. In Losaline ta ce mu tashi, ban san inda zan kai tukwanena ba. Yarinyar nan ba ta yi wannan tunanin ba lokacin da take buɗe baki.

Litinin, 14 ga Oktoba, da safe

Na yi mata faɗa har muryata ta dushe. Na tuna mata cewa gwaggonta ce ta raɗa mata suna, ita za ta zauna a saman tabarma ranar aurenta, ita za ta yanke mata gashi ranar da ubanta ya bar duniya. Na ce gwaggo tana da ikon shiga ɗakinki ta ɗauki rigar da kika fi so, ki kuma yi mata godiya.

Ta sunkuyar da kai, amma ba sunkuyawar mai nadama ba ce, na san bambancin. Ta ce, "Ta ɗauki rigar, Mami, tawa ce. Man na yara ne da yawa, kowa ya zuba nasa."

Wannan ba maganarta ba ce. An sa mata ita a baki, kuma na san wadda ta sa.

Talata, 15 ga Oktoba, da rana

Sunanta Telesia, ma'aikaciyar banki, ita ce jagorar ƙungiyar su Kalo. A ƙasar waje ta tashi, can Auckland, tana magana da harshenmu kamar mai zazzafar doya a baki. Ta haura talatin ba aure, wando take sawa. Na tambayi wanda ya san danginta, kowa ya ba ni gari daban.

Abin da nake so a gaya mini shi ne, me ya sa mace mai albashi za ta bar ofis mai sanyi duk Laraba ta je ta tsaya cikin zafi da 'ya'yan wasu, a ce kyauta? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ko dai banki ne yake son ya kama yaran tun suna ɗanye su riƙa kai masa abin da ya kamata su kawo gida, ko kuma zaɓe ake yi, a ga masu kaifin kai a kwashe su waje. Duk wanda ya zo da murmushi da takardu masu launi, wani zai tafi da shi. Na ga irin wannan murmushin a fuskar mutumin da ya zo ɗiban maza aikin tsinkar lemu a Ostareliya, har da Lisiate.

Laraba, 16 ga Oktoba, da yamma

Na je makarantar, ban shiga ba. Na tsaya gindin mangwaro inda nake hango ajin ta taga. Telesia tana ciki da wani mai kamfanin jiragen da ke kai Turawa kallon manyan kifaye. Sun ajiye kujera biyu a gaban allo, yaro ya zauna, mutumin ya yi masa tambayoyi kamar mai neman aiki. Duk wanda ya sunkuyar da kai sai Telesia ta sa yatsa ta ɗago haɓarsa. Ana koya wa 'ya'yan mutane su kalli babba cikin ido, kuma shugaban makaranta ya ba da aji don a yi haka.

Da aka zo kan Kalo ba a ɗago haɓarta ba, don ba ta sunkuyar ba. Suka tafa mata.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da safe

Lisiate bai kira ba. Aiki ne ya yi masa yawa.

Asabar, 19 ga Oktoba, da hantsi

Feleti, babban ɗan Losaline, ya zo. Bai taɓa zuwa gidan nan ba sai an aiko shi. Na ba shi shayi da burodi, ya sha, ya tambayi lafiyar aladena. Da zai tafi sai ya bi ta baya, ya zagaya gidan, ya ƙwanƙwasa tankin ruwa, ya ɗaga kai yana kallon kwano, ya tambaya ko yana yoyo da damina. Na ce ba ya yoyo. Ya ce madalla.

Feleti zai yi aure bayan Kirsimeti, kuma har yanzu a ɗakin bayan uwarsa yake kwana.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da rana

Kwanon ya sake dawowa.

Mijin Meleane ya dawo ran Alhamis, shi da sauran da suka tafi Ostareliya tare da Lisiate. Na gan shi a coci cikin sabuwar riga. Ya gaishe ni yana kallon takalminsa. Meleane ta matso za ta ce wani abu, na ce na bar tukunya a wuta.

Talata, 22 ga Oktoba, da yamma

Telesia ta zo har gida. Ta sa zane, ta ɗaura tabarma a ƙugu, ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa ta naɗe ƙafafu gefe ɗaya yadda ya kamata. Wani ya koya mata kafin ta zo, ina kuma zargin wanin yana cikin gidan nan. Ta kawo kek. Na ajiye shi a kan kabad ban yanka ba.

Ta ce laifin nata ne. Littafin da suke koyarwa da shi a waje aka rubuta shi, an yi bayanin haraji da riba da asara da ɓarawo, amma babu gwaggo a ciki, ita kuma ba ta yi tunanin sa ta ba. Ta ce ran kasuwar gwaggonni sun share teburan sauran yaran tas, masu kek da masu tsintsiya sun tashi hannu wofi suna murmushi, teburin su Kalo kaɗai ya tsira. Ta faɗi haka kamar tana ba ni haƙuri, amma idonta yana faɗin wani abu dabam.

Sai ta ce ko za ta sayi man da kuɗinta ta kai wa Losaline. Na ce mata baiwar Allah, ki tsaya a inda kika sani. An ce wa mace ta biya a gaban jama'a, sannan baƙuwa ta biya mata kamar mai bara? Wannan ai zuba gishiri ne a gyambo.

Sannan ta fito da abin da ya kawo ta. Mai jiragen yana son Kalo a ofishinsa in ta gama jarrabawa, zai koya mata aikin lissafi. Ashe dai zaɓen ne. Na kalle ta cikin ido, tunda haka suke so, na ce, "Ke me kike samu a ciki?"

Ta ce, "Ciwon ƙafa, Uinise." Har da dariya.

Ban yarda ba. Amma na ga yadda Kalo take kallon ta daga ƙofar kicin, kuma rabon da ta kalle ni haka tun tana goye.

Laraba, 23 ga Oktoba, da rana

Na hana ta ajin Laraba. Ta dawo gida da wuri, ta kankare kwakwa fiye da wadda muke bukata, ba ta ce uffan ba. Yaron da ya yi gardama ka san inda ya dosa. Wannan shirun ne ban yarda da shi ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da hantsi

Na haɗu da Losaline a kasuwar bakin ruwa. Na rusuna na gaishe ta. Ta juya wajen mai doya, ta ɗaga guda tana juyawa, ta ce da ƙarfi, "Wannan ta sayarwa ce, ko ita ma ta kamfani ce?" Layin duka ya ɗauki dariya, har masu kifi. Ni ma na yi murmushi, don babu abin da ya rage mini.

Na lura da wani abu. Ba fushi na gani a fuskarta ba. Na san fushin Losaline, na sha shi tun ina amarya, ba ya jira, a ranar yake sauka. Wannan kamar mai jiran abu ya nuna ne. Me take jira?

Lahadi, 27 ga Oktoba, da yamma

Ban aika kwanon ba, ban kuma ci ba. Wayar tana kan taga inda ta fi samun layi.

Talata, 29 ga Oktoba, da yamma

Babu wata hanya sai ganyen itacen ifi, irin neman gafararmu na gargajiya. Mu sa baƙaƙe, mu ɗaura tsofaffin tabarmi, mu rataya ganyen a wuya, mu zauna a ƙofarta kai a ƙasa har ta ga dama ta fito ta cire mana. Kakata ta taɓa yi, ni ban taɓa zaton zan yi ba.

Na gaya wa Kalo. Ta ce za ta ba da haƙuri don ta kunyata gwaggonta a gaban mutane, amma ba za ta ce ta yi kuskure ba, don ko gobe aka maimaita abin da za ta faɗa ke nan. Na ce wa ya tambaye ki abin da za ki ce? Mai ganye a wuya ba ya magana. Na gaya mata zancen Feleti da tankin ruwa. Na ce ki jira ubanki ya dawo ya tarar kin sa an watsar da kayanmu a titi.

Ta ɗago, ta yi mini irin kallon da aka koya mata, ta ce, "Mami, Baba fa ba zai..."

Ban bar ta ta ƙarasa ba. Hannuna har yanzu yana zafi. Ba ta yi kuka ba. Can an jima ina tsinke ganyen gwaza ta zo ta zauna kusa da ni, ta ja kwandon gabanta, ta ce za ta je.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da rana

Na tsinko ganyen a bakin fadama, na kitsa guda biyu. Na ce a kama babban aladen, wanda nake kiwo don Disamba. Ba a zuwa neman gafara hannu biyu. Meleane ta leƙo ta kan shinge ta ce ai na tanadin dawowar maigida ne. Na ce akwai wani. Babu wani.

Asabar, 2 ga Nuwamba, da yamma

Mun isa da hantsi. Aka ɗaure aladen a gindin lemu, muka zauna a ciyawa gaban ɗan kantin da Losaline ta buɗe a jikin gidanta. Ta gan mu ta ragar taga, ta ci gaba da abin da take yi.

Rana ta hau. Ba na ɗaga kai, amma kunne ba ya sunkuyawa. Mutane suna zuwa kantin suna tafiya. Jikan gwaggon ita Losaline ya zo ya karɓi kifin gwangwani da sukari, ya ce a gaida gida. Wata 'yar coci ta ɗauki sabulu ta ce sai Juma'a. Wani ya ce a ba shi taba, uwarsa za ta zo. Tun zamanmu har rana ta take ban ji ƙarar kwabo ya faɗa gwangwani ba. Na saci kallo sau ɗaya, kantocin rabi wofi ne. Na daɗe ban shiga kantin ba, ban san ya kai haka ba.

Da inuwa ta dawo ƙarƙashinmu sai ta fito. Na ga ƙafafunta sun wuce ni sun tsaya gaban Kalo. Ta sunkuya ta zare ganyen daga wuyanta, ta ɗago ta. Ta tambaye ta wa ya ce ta faɗi abin da ta faɗa, matar bankin ce? Kalo ta ce ba kowa. Ta sake tambaya, Kalo ta sake cewa ba kowa. Na ji kamar in nutse.

Losaline ta ce, "Duk tsibirin Vava'u babu wanda ya taɓa ce mini in biya, ko mijina. Wadda ta iya faɗa mini za ta iya faɗa wa kowa. Daga gama jarrabawa ki kwaso kayanki, a nan za ki zauna, ke ce a bakin tagar kantin nan."

Gwaggo in ta nemi ɗan ɗan'uwanta ba a hana ta. Kowa ya san wannan, ni na fi kowa sani, ni na koya wa yarinyar.

Sannan ta yi magana da ni, ba tare da ta juyo ba. Ta ce in zauna a gidana, Feleti zai yi nasa ginin a gona. Ta ce ƙanenta ya riga ya zubar musu da mutunci a can inda yake, ba za ta ƙara da nata ba. Ta faɗi haka a fili, ga masu sayayya a tsaye. Na ci gaba da kallon ciyawa. Ban san me take nufi ba, kuma ban tambaya ba.

Ina tsammanin an gama, sai na ji muryar Kalo, a hankali, da ladabi, irin ladabin da na koya mata: "Gwaggo, da albashi? Kuma ran Laraba ina da aji."

Da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata. Na jira in ji saukar mari. Losaline ta daɗe tana kallon ta, sannan ta ce, "Ka ji 'yar banza. Shigo ciki, ba a ciniki a rana." Suka shiga, aka saki labule. Ina jin muryoyinsu, ɗaya ta hau ɗaya ta sauka, har da dariya, kuma dariyar ba ta mutum ɗaya ba ce.

A zaune a wurin na tuna ranar kasuwar. Tebura sun cika filin, na 'ya'yan sauran ƙannenta ma suna nan, amma Losaline ba ta tsaya ko'ina ba, kai tsaye ta nufi na Kalo. Ita da ko man kwakwa ba ta shafawa, tana cewa yana sa ta ƙaiƙayi. Makonni ina gadin ƙofar gaba saboda matar banki. Ban ce Telesia ta fita daga zargi ba, har yanzu ban ji me take samu ba. Amma ba ita ta tafi da 'yata ba.

Gidan yana nan, ba ya yoyo.

Ganyen ifi ba mai shi ke cirewa ba, wanda aka ɓata wa ne yake zarewa. Na zauna ina jira a tuna da ni. Feleti ya zo ya kwance aladen ya ja shi baya. Masu sayayya suka riƙa ratse ni. Da inuwar lemun ta kai bakin titi na tashi, na karkaɗe tabarmata, na bi ta gaban kasuwa da coci da shingen Meleane da ganyen a wuyana. Yanzu ma da nake rubutun nan ban cire ba.